Tokar Mangwaro

Matar da ake kira Bana Chomba, wato uwar Chomba, ta kwance bakin zaninta, ta zazzage ƙasar lambunta a kan teburin malamin gona, ta ɗora kabeji guda a gefe. Sunansa dai kabeji, amma bai fi dunƙulen hannu ba, ganyensa kuma ya yi ruwan ɗorawa.

"Malam Sikazwe, duba min. Taki na ba shi har ya ƙoshi. Ko jiya sai da na ƙara masa."

Malamin ya tsufa a wannan ofishi na Kasama yana faɗa wa mutane abin da ba sa son ji. Ya jiƙa ƙasar a kofi, ya tsoma wata 'yar takarda, ta fito jajir.

"Ƙasarki ta yi tsami. Abincin yana nan a ciki, amma tsamin ya ɗaure shi, saiwa ba ta iya ja." Ya juya kabejin ya nuna mata saiwoyinsa, gajejjeru, duk sun dungule. "Takin da kike zubawa kuwa, shi ke ƙara tsamin."

"Wato da hannuna nake kashe shi."

"Ke da kowa. Farar ƙasa za ki nema ki barbaɗa."

Tsoro ya kama ta. Lambun nan na bakin fadama shi ke ciyar da ita da tsohuwarta, ga shi mai kula da abincin makarantar kwana, wanda ke sayen kabejinta, ya riga ya ce in wannan zangon ma ba ta kawo kabejin kirki ba, zai ba wani cinikin.

A shagon kayan gona mai shagon ko miƙewa bai yi ba.

"Farar ƙasa? Mama, wa zai ɗauko garin dutse tun daga Ndola? Kuɗin mota ya fi kayan. Amma ga taki sabon zuwa, in ɗaura miki?"

"Ɗaura wa kanka," ta ce, ta fita.

A motar komawa ta jingina da taga. Buhunan gawayi sun yi layi a bakin titi, tuddan bayansu kuwa tas, kamar kan da wanzami ya gama da shi.

Ta tarar da uwarta inda take kullum, a gindin mangwaron tsakar gida. Tun da idanunta suka mutu, nan tsohuwar ke wuni. Ta san kowace saiwar bishiyar da tafin ƙafarta. Ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta yi tsaki.

"Wannan ne sai an shiga mota a ji? Toka ce maganinta. A zamaninmu maza su hau bishiya su sassare rassa, mu mata mu jawo mu tara, in sun bushe a cinna wuta. Inda toka ta kwanta, tamba sai ta gaji da yi."

"Mayo, uwata, wace bishiya? Masu gawayi sun bar miki ko sanda?"

Tsohuwar ta kai hannu ta shafa jikin mangwaron.

"Ai ba kashe ta ake yi ba. Rassa kawai. Tana sake tohowa."

"Sai yaushe? Ke kuma ki zauna ina?"

"Ko ta toho gobe, da wane idon zan gani? Kira Kapembwa ya zo da gatarinsa."

Maƙwabcin nasu ya hau, ya sassare, ya bar kututture tsirara. Rassan suka yi makonni suna bushewa, kabejin na ƙara lalacewa. Ranar da aka cinna wuta, tarin da ya kai rufin ɗaki ya zube ya zama abin da bai cika daro biyu ba.

Bana Chomba ta kai tokar lambu. Ta barbaɗa da tsantseni, kamar mai sa gishirin aro, amma a fangali na biyu daro ya ƙare. Ta tsaya tana kallon sauran lambun, ya miƙe har bakin ruwa, rawaya fatau. Kuka ma bai zo mata ba.

Da ta dawo, tsohuwar na zaune a tsohon wurinta, rana na dukanta a ka, ta yafa tsumma.

"Ta isa?"

Bana Chomba ta kife daron, ta matso ta tsaya ta inda inuwarta za ta faɗa kan uwarta.

"Ta isa, Mayo."