Farar Yakuwar Inna

Abdulkabir ne ya jawo min. Shi ne ɗana na biyu, yana koyarwa a wata makaranta a Kano, kuma tun da ya sayi babbar waya ban ƙara samun sakat ba. Wata ranar Juma'a ya kira ni ya ce ya saka gonata a intanet.

"Ka saka ta a me?" na ce.

"Umma, akwai mutanen ƙasashen waje masu yawon ganin duniya. Sai su zo su yi miki aikin gona kyauta, ke kuma ki ba su abinci da wurin kwana. Ga gwiwarki ta matsa miki, ga noman firi ya zo."

Na ce masa ni dai tun da nake ban taɓa ganin inda baƙo ya taso daga nesa aka miƙa masa fartanya ba. Ya yi dariya ya ce zamani ne. Bayan kwana tara sai ga shi. Motar Minjibir ta sauke su, babura biyu suka ƙaraso da su, shi da wata doguwar Baturiya mai jaka a baya kamar wadda za ta yi ƙaura. Sunanta Agata, daga wata ƙasa wai ita Foland. Ya ce ta yi aikin gona a ƙasashe uku kafin nan, ta tsinki inabi, ta tatsi awaki. Ya kwana ɗaya ya koma bakin aikinsa, ya bar ni da ita.

Kada in ɗauki alhakinta, yarinyar ba ta da matsala. Ta ɗaura zani, ta ci tuwo da hannu, ta koyi "ina kwana" tana ta rabawa har da la'asar. Amma wadda aka kawo don ta rage min aiki, ita ta sa na sa aka yanka kaza, na koma ɗora tukunya sau uku a yini. Matan unguwa kuma suka mai da tsakar gidana wurin kallo, kowacce sai an shimfiɗa mata tabarma. Na gaji tun ba mu taka gonar ba.

Babbar gonar tana hannun Khalilu, ƙanin marigayi maigidana. Ni abin da nake taɓawa 'yar gayaunata ce ta bayan gida, kuma gero ne a cikinta. A tsakanin geron na yafa farar yakuwa, irin Innata. Da ita Inna ta zo gidan aure, ƙulle a bakin zani. Ganyenta faɗi gare shi, tsaminta bai kai na yakuwar kasuwa ba, in ta ji daddawa a miya ba ka neman nama. Inna ta rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma ban taɓa tsallake damina ban shuka ta ba. Na sha ba matan unguwa irin, amma duk wadda na tambaya sai ta ce ya gauraye da wani ko ya ɓata. Bara kuma ɓera ya shiga min ɗaki ya yi ta'asa. Abin da na tsira da shi bai cika tafin hannu ba, na zuba a 'yar kwalbar da Inna take ajiye iri a ciki. Bana na juye kwalbar duka a gayaunar, don in ya ƙara shekara ba lallai ya tsiro ba. Ya tsiro kuwa, ganye hurhuɗu, gwanin sha'awa.

Ranar farko na ba Agata fartanya, na kama kunya ɗaya, ta kama ta kusa da ni. Ni ina tafe ina dafa gwiwa, ita kuwa kafin in kai rabi ta kai ƙarshe ta juyo. Da na ɗago na dubi inda ta wuce sai na saki fartanyar. Gero ne kaɗai a tsaye. Ciyawa da yakuwa duk ta kwantar da su wuri ɗaya. Mu nan ko yarinyar da ta fara ɗaukar tallan goro ta san akwai abin da ake kewayewa in ana noma, yakuwa ce, ko rama, ko karkashi. Ita a wajenta duk abin da ba gero ba ciyawa ne, kuma wa ya gaya mata?

Ta zo tana haki, fuskar nan ta yi jawur. Ta yi wa wayarta magana da yarensu, wayar ta maimaita min da wata irin Hausa mai sanyi: "Aikina ya yi kyau?" Sai ta miƙo min wayar daidai bakina.

Ga hanya a buɗe, kalma biyar ta isa. Amma na dubi gumin da ke zuba a wuyanta, na tuna 'yar mutane ce, ta baro uwarta a wata duniya ta zo tana duƙe a bayan gidana. Yaya zan buɗe baki in ce wa baƙuwa ta yi ɓarna, ranarta ta farko?

"Ya yi kyau ƙwarai," na ce wa wayar. "Sannu da aiki."

Na ce mu tashi haka nan rana ta yi zafi, alhali ko hantsi bai gama ɗagawa ba.

Washegari na shiga dabara. Na zube mata gyaɗa ta ɓare, ta gama kafin in ɗauraye kwanuka. Na dama mata fura mai kauri ko barci zai ɗauke ta, ta shanye ta miƙe tana neman fartanya. Na ce ta huta. Wayar ta ce min, "Kada ki damu da ni, ina da ƙarfi." Na bi ta gonar ina ɗingishi, na yi ta ƙoƙarin riga ta shiga inda yakuwar ta fi yawa, amma ina ni ina ƙafar budurwa. A ranar ta share kusan rabin gayaunar.

Da yamma na kira Abdulkabir na zazzage masa.

"Haba Umma, ki gaya mata mana. Su ba sa jin haushin gyara. Ko ki ba ta wayar in yi mata bayani."

"Ka ce mata me? Uwarka ta kai ƙararta? Tana cin abinci a kwanona?"

"To ni yaya kike so in yi?"

"Ka bari kawai," na ce, na kashe. Haushinsa nake ji, ina jin nawa ya fi.

Rana ta uku da sassafe aka aiko cewa yayar Khalilu ta rasu a ƙauyen gaba. Ba yadda za a yi in ƙi zuwa. Kafin in fita na tura fartanyoyin biyu can ƙarƙashin rumbu, na nuna wa Agata tabarma da tulu, na ce ta zauna sai na dawo. Ta gyaɗa kai tana murmushi. A wurin zaman makokin ana ta addu'a, ni kuwa Allah ya yafe min, rabin hankalina yana bayan gida.

Ban dawo ba sai bayan la'asar. Ko mayafi ban cire ba na zagaya. Ashe da ta nemi fartanya ta rasa, gidan maƙwabciyata ta shiga ta yi nuni da hannu, ita kuma wa zai hana baƙuwa aro? Gayaunar ta yi fes tun daga wannan iyaka har waccan. Ta ma tattara abin da ta nome ta watsa wa awaki. Na bi kunya-kunya ina duƙawa ko zan ga guda ɗaya da ta kuɓuce mata. Yarinyar ba ta aikin ha'inci.

Ta fito ta nuna min tafukan hannunta, duk sun yi bororo sun fashe. Na zaunar da ita na shafa mata man kaɗanya. Hawaye ya zubo min, ta ɗauka na makoki ne, ta rungume ni tana bubbuga bayana.

Ta ƙara kwana goma sha ɗaya. Ta taya Khalilu noma, ta koyi daka, ta ɗebo ruwa. Geron nan kuwa ya yi kyan da bai taɓa yi ba, duk wanda ya wuce sai ya ce Furera kin yi sa'ar baƙuwa. Ni kuma in ce alhamdu lillahi.

Ranar da za ta tafi, masu babur suna jira a ƙofar gida, Abdulkabir da ya zo tafiya da ita yana ɗaure mata jaka, sai ta ciro wani littafi da take ajiye ganyayyakin ƙasashen da ta bi. Ta buɗe wani shafi ta nuna min. Ga farar yakuwata nan a manne, ta bushe ta lafe, ganye huɗu da ɗan siririn saiwarta.

Abdulkabir ya leƙo, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Umma, wai wannan ciyawar ce ta fi yawa a gonarki, ta ce ta sha fama da ita. Tana so ta rubuta sunanta."

Na karɓi littafin na daɗe ina kallo. Duk duniya ita kaɗai ta rage, kuma ko an mai da ita ƙasa ba za ta tashi ba.

"Ka ce ta rubuta yakuwar Inna."

Ta rubuta, ta maimaita sau biyu har ta iya faɗa, ta rufe littafin ta cusa a jaka. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ta gaida mutanen gida.

Da ƙarar baburan ta yi nisa na koma ɗaki na ɗauko 'yar kwalbar daga kan kabad. Na jijjiga ta, na kife ta a tafin hannuna, na sa tsinke na zaƙulo gindinta. Ban sami komai ba sai ɗan ƙullin tsumman da Inna take toshe bakin iri da shi.