Ido Ɗaya a Bakin Ramin Fulogi

Ƙanena Auta bakanike ne, kuma ido ɗaya gare shi. Na hagun ya tafi tun yana saurayi, ranar da batir ya fashe masa a fuska. Ni da na tsufa ba ni da aikin yi sai zama a garejinsa kan tsohuwar kujerar mota, ina kallon yadda baƙin mai ke yin launuka bisa ruwan kwata.

Da hantsi wani mai tasi ya turo motarsa. Fulogi ɗaya ya yi tsalle daga inji har ya lotsa bonet daga ciki. Na daɗe ina shafa wannan ƙullutun, kamar wani abu ne ya so ya tsere aka tare shi.

"Zaren ramin da ake murɗa fulogin a ciki ya cinye," in ji Auta. "Kan injin nan alminiyam ne, laushi gare shi kamar sabulu. Wane mai ƙarfin doki ne ya ɗaure maka shi?"

"Ni ne," in ji mai tasi.

"To sannu da ƙoƙari."

Bai sauke kan injin ba. Ya shafa giris a ƙarfen yanka zare don ɓarɓashi ya manne a jiki, ya murɗa kaɗan, ya fitar, ya goge, ya mayar. Da sabon zare ya fito, ya ɗaura wani ɗan bututun ƙarfe mai zare ciki da waje. Saura ɓarɓashin da ya faɗa ƙasa. Yadda suke yi shi ne a murɗa makullin mota ramin yana buɗe, iskar injin ta feso da shi. Amma mai ido ɗaya ba ya hango abu daga nesa ya yarda. Sai ya karkata kai, ya kai idon kusa.

"Buga," ya ce wa mai tasi.

Injin ya yi tari. Auta ya ja da baya a hankali, ya zauna a ƙasa, tafin hannunsa a kan idon dama. Bai yi ihu ba.

"Yaya, kana ina?"

Ina tsaye a gabansa. Na durƙusa kusa da shi.

"Miƙo min mayen ƙarfe, yana jikin ƙofa."

A gareji in tsinin ƙarfe ya shiga ido, mayen ƙarfen tsohuwar sifika ake karawa, ya tsotso shi. Na buɗe masa fatar idon da yatsu biyu. Ga abin nan a gefen baƙin idon, siriri, yana walƙiya kamar ɓawon kifi. Na kara mayen, na sake karawa. Ko motsi.

"Ya fita?"

"Saura kaɗan."

"Ƙarya kake, Yaya." Sannan ya ce, "Bari. Alminiyam ne, ba ya bin maye. Na manta."

Mai tasi ya tsayar mana da wata motar, yana ta rantsuwa cewa shi abin da aka ce ya yi ya yi. A hanya na riƙe hannayen Auta biyu don kada ya murza. Hawaye na zuba ta ido ɗaya kawai, ɗayan yana kallona fari fat kamar kullum.

Likitar ido ta sa masa magani, ta ɗora haɓarsa a kan wata na'ura, ta ɗauko allura. Na juya ina kallon bango, inda aka zana ido an yanka shi biyu kamar albasa. Da ta gama ta rufe idon da auduga da filasta.

"Ya fita, baba, amma ya yi rami. Ku dawo gobe mu buɗe."

"Zai gani?" na tambaya.

"Gobe za mu sani."

Da muka fito ya dafa kafaɗata. Mutumin da ke ɗaga giyabos shi kaɗai yana laluben bakin kwata da yatsan ƙafa.

"Kai ni gareji."

"Gida dai. Matarka na jira."

"Gareji, Yaya."

A gareji na tsayar da shi gaban tasin. Ya laluba ya sami ramin, ya ce in ba shi fulogi. Ya ɗora shi da yatsu uku, ya juya baya har ya ji zaren ya zauna, sannan ya juya gaba. Ya shige sumul. Ya ɗaure da sifana, ya tsaya daidai inda ya kamata.

"Ashe ana iya yi a haka," ya ce a hankali.

Wannan maganar ta fi allurar tsorata ni. Na gane gwaji yake yi, yana auna sauran rayuwarsa.

Washegari matarsa ta biyo mu asibiti, ta riƙe masa takalmi a hannu ba tare da ta san ta riƙe ba. Likita ta ɓare filastar, ta ɗage audugar. Fatar idon ta kumbura, ta manne. Ta goge da ruwa. Ya buɗe kaɗan, ya rufe, ya sake buɗewa. Ja wur. Ya juya kai wajen taga, ya dawo da shi wajena.

"Me kake gani, baba?" in ji likita.

"Hazo-hazo. Akwai wani ɗigo a tsakiya kamar ƙuda."

"Ɗigon zai iya zama dindindin. Bayan shi fa?"

Ya ƙura min ido, ya daɗe.

"Yaya, a baibai ka sa rigarka."