Shaidar da Na Bayar a Kan Jitar Dakta Laouali

Ni Sha'aban ban taɓa zama a aji ba, amma na sha sanyin Faransa, na sha barkonon tsohuwa, na yi shekara talatin ina tuƙi a Riyad, ga ni da raina. Saboda haka da dangin saurayi suka tashi binciken asalin Sahadatou, autar Dakta Laouali mai gwajin ruwa a Birnin Masana'antu na Biyu, wurina suka zo.

Malam Gali, kawun yaron, ya tarar da ni a kasuwar Al-Aziziya ina loda tumatir. Ya nuna min hoto a waya: Laouali da gashi buzu-buzu, rungume da jita, Turawa uku a bayansa.

"Baba, an ce uban yarinyar maroƙi ne. Mu gidanmu ba ma auren 'ya'yan maroƙa."

Yarinyar nan tana son yaron, kuma ƙarya ba ta cikin sana'ata.

Na ce, "Zauna, ɗan nan. Ni na riƙa ɗaukar musu sifika a birnin Liyon na Faransa lokacin ina shara, shi yana karatun kimiyya. Kiɗan rok suke ce masa. Jita na kuka kamar kyanwar da aka take wa wutsiya, fitilu ja da kore na juyawa, waƙa ɗaya sai shayinka ya huce ba ta ƙare ba."

"To wa yake wasawa?"

"Wasawa? Zagi yake! Ministoci, masu masana'anta, masu gidajen da suka cusa mu goma a ɗaki ɗaya. Da Faransanci, a gaban 'yan sandansu."

"Ba a yi masa liƙi?"

"Da kulki aka yi masa. Ni na goyo shi daga dandali, jini har ƙeyata. Wata goma sha huɗu duka-duka ya yi yana kiɗan, ya koma kan kwalaben gwajinsa."

Gali ya daɗe yana kallon hoton.

"Wato bai taɓa tsugunawa gaban mai kuɗi ba?"

"Wallahi ko sau ɗaya."

Ya sa wayar a aljihu. "Khalas, shi ke nan. Ƙuruciya ce. Jumma'a bayan la'asar muna nan tafe gidansa a unguwar Al-Shifa da goro."

Na kira Dakta nan take, na yi masa albishir. Kwana uku bai ci abincin kirki ba saboda fargabar binciken nan. Sai na ji yana ƙwala wa matarsa Hajiya Mariamou kira, wai a ɗumama masa tuwon jiya.