Wadda Ta Sa Aka Toshe Bututun Ƙarƙashin Gada

Maganar ta taso ne daga bakin mata masu wanki, ta ratsa kasuwar kifi, har ta iso ƙofar Aling Remedios: wai ba haka kawai kamfanin ruwa ya toshe bututun unguwar Ƙarƙashin Gada ba, wata tsohuwa ce cikin masu hannun jari ta kai tsegumi.

Etang ce ta kawo mata labarin, ranar da ta dawo mata da zannuwan gado ba a wanke ba. Etang ta daɗe tana yi mata wanki, kuma Remedios ce ta riƙe 'yarta a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna Mare. Tun da aka toshe bututun, jarka-jarka ake sayen ruwa a unguwar, masu ba Etang wanki kuwa sun fara komawa shagon wanki na inji.

"Mare, ke da kike shiga cikinsu, ki gano mana mayyar nan. Ba dukanta zan yi ba. Kwandon wankin nan kawai zan ɗora mata a ka, ta je ta nemo ruwa."

Remedios ta yi dariya, ta ce yaushe kamfani ya fara jin maganar tsofaffi? Da kuɗin sallamarta na koyar da lissafi ta sayi ɗan hannun jarin da take da shi a kamfanin, saboda kowa na cewa jarin ruwa ba ya cutar da kowa. Ta san taron shekara na masu hannun jari sarai. Tsofaffi kan zo da robobi a jaka don su kwashi soyayyar taliyar pansit da gasasshiyar kaza, manya kuma su bar su su yi surutu suna duba agogo.

Amma bayan Etang ta tafi, ta kasa shan kofinta. Bara ta miƙe a taron ta tambayi inda ruwan da ake turawa ba a biya yake zuwa. Har ta ambaci siraran tiyo da take gani a ƙarƙashin gada in za ta gidan Etang. Ba don komai ta faɗa ba sai don a san ta karanta rahoton, kuma don ta burge Mang Tiburcio, tsohon ma'aikacin gidan waya da ke zama kusa da ita. An tafa mata. Ta ji daɗi har gida.

Ranar taron bana ta tafi da niyyar ta tambaya a fili, a ce mata tsari ne da aka yi tun tuni, ta samu barci. Mang Tiburcio ya riga ta zuwa, robarsa a cinya.

"Malama, yau ma za ki ba mu jarrabawa? Ki taƙaita, kazar na hucewa."

Ba ta kai ga ɗaga hannu ba. Manajan, wani yaro mai ƙyallin goshi, ya sanar cewa ribar bana ta ƙaru, domin an rage ruwan da ke ɓacewa. Ya ce su da kansu sun daɗe suna kau da kai daga satar ruwan Ƙarƙashin Gada, sai da wata uwa ta tunatar da su a gaban jama'a. Ya kira sunanta cikakke. Aka kawo mata lema shuɗiya mai tambarin kamfani, aka ɗauki hoto. Mang Tiburcio ya fi kowa tafi, shi ne ma ya cika mata robarta.

Ta hau keke mai ƙafa uku zuwa Ƙarƙashin Gada. A hanya ta shirya maganganu: ruwan dai na sata ne, ko ba ita ba wani zai faɗa. Duk gaskiya ne, amma babu wanda ya zauna mata a baki. Ta so ta bar lemar a cikin keken, direban ya bi ta da ita.

Etang na zaune a bakin ƙofa, baho kife a gefenta, jarkoki a jere. Ta karɓi robar abincin daga hannun Remedios ta buɗe, ta ce aƙalla mutanen nan sun iya girki. Ta ɗebo ruwa rabin kofi ta miƙa wa baƙuwarta, sannan ta tambaya ko an gano matar.

Remedios ta riƙe kofin, ba ta sha ba.

"An gano, Mare. Ni ce. Ni na gaya musu inda tiyon yake."