Bai Karya Ba

…kuma dai ita ce. Mako tara ke nan a jere, in ji mai gabatar da shirin, yana faɗa da ɗoki kamar matarsa ce ta haihu. Mako tara tana ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe, babu wadda ta iya ture ta. Uwar shago ta miƙa hannu ta ƙaro muryar rediyo. Ita kuwa tela ta ƙara sunkuyawa kan kekenta, tana kalmashe bakin rigar makaranta, shuɗiya, ta goma sha ɗaya tun safe. Kada ta ɗago. In ta ɗago za a gani… me ma za a gani? Wata huɗu da fara aikinta a shagon nan, abin da suka sani kawai mijinta ya rasu. Sun yi mata gaisuwa, sun ba ta keken da ke lungu, shi ke nan.

Ganga ta fara. Jita ta bi. Sai wurin nan da kiɗan ke ɗaukewa cak, a bar muryar wata mace ita kaɗai, a dushe, a tsage —

Ku tashe shi, bai karya ba.

Muryarta ce. Ita ta faɗa, a barandar asibiti, ranar zanga-zangar tsadar abinci. Wani ya ɗauka da waya, bayanta kawai ya fito da gefen mayafi, kafin kwana uku ta zaga gari. Daga nan wani mawaƙi ya tsince ta ya ɗora mata kiɗa, ya mai da ita amshi. Yanzu ga ta a shagon aski, ga ta a wayar mai kayan miya, ga ta an rubuta da gawayi a katangar makaranta. Da hukuma ta hana sa ta a rediyo, ai kamar an watsa wa wuta fetur. Da aka gaji aka janye hanin, har motar wani ɗan takara ta wuce da ita jiya, lasifika kamar zai tsaga kunne. Shi ma bai karya ba ke nan? Da wannan tumbin?

"Matar nan ta iya magana," in ji uwar shago, almakashi a hannu. "Talaka take nufi fa. Ƙasar ce gaba ɗaya ba ta karya ba."

Talaka. Ƙasa. To.

Dogo take nufi. Dogo mijinta, bakanike, mai tsinin gwiwa, wanda ba ya iya fita ko ƙofar gida sai ya sha shayi kofi biyu, mai kauri, yana tsoma burodi yana ɓata mata tabarma. Shekara tara bai taɓa tsallake karin safe ba, ita ta sani, shi ya sa ta yi dabarar. Ta ce kada ya fita, gari ba lafiya. Ya ce gareji kawai zai leƙa, ya ƙara kwaɗo, kada a farfasa motocin mutane. Sai ta ƙi kunna risho. Ta zauna bakin gado ta harɗe hannu — in dai shayi ne, ka zauna a dafa maka, in ka fita ka sha a titi. Ya yi dariya. Wannan dariyar tasa mai fito da gibi. "Sarauniyar rigima, ajiye min nawa, yanzu zan dawo." Ko kallonsa ba ta yi ba. Tana ta lissafi a ranta, yunwa za ta koro shi kafin ƙarfe goma, ya dawo yana lallashi…

Zare ya tsinke. Ta lashi bakinsa, tana neman kafar allura. Sai a karo na uku zaren ya shiga.

Ƙafafunsa ta fara ganewa, a barandar asibitin. An jera gawarwakin a ƙasa, an rufe da zannuwan gado, nasa zanen bai kai ba — ina zai kai, mutum kamar falwaya? Baƙin mai a ƙarƙashin farcen babban yatsa. Takalmi ƙafa ɗaya. Ba ta yi salati ba, Allah Ya yafe mata, ba ta kira sunansa ba, ba ta zagi wanda ya harba ba. Burodin ne ya faɗo mata, yana nan cikin leda a kan tebur, ko buɗe shi ba a yi ba. Shi ne ta riƙe rigar wata ma'aikaciyar jinya tana jijjiga ta, ku tashe shi, ku tashe shi…

Kuma albasar. Wa za ta gaya wa zancen albasar? Da aka miƙo mata kayansa, a aljihun wando, rabin albasa a ƙulle cikin hankici. Maƙwabcinsu ne ya ce masu zanga-zanga ke riƙe ta saboda barkonon tsohuwa. Daga kwandonta ya yanka. Ta ga ɗaya rabin a kicin, ta ɗauka ita ta manta. Ashe tun kafin ya ce gareji ya gama shirinsa. Ka yi min ƙarya, Dogo. Ka dubi tsabar idona ka yi min ƙarya, kana dariya. Yanzu da wa zan yi faɗan? An ce jarumi ne, an sa hotonka a riga, wa zai saurari matar jarumi tana cewa haushinsa take ji?

Waƙar ta ƙare, an shiga tallan sabulu. Ta saki numfashi.

Katin gayyatar da mawaƙin ya ba ta yana cikin jaka, tana jin sa kamar garwashi. Ranar Lahadi mawaƙin ya zo har gida, bayan ya sha wahalar nemanta. Ta so ta tsane shi. Ta shirya maganganu tun ranar da ta fara jin kanta a rediyo, masu zafi, ta jera su tsaf. Sai ga shi siriri, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da ita. "Yaya, ki yafe min, ban nemi izininki ba." Wansa ma yana cikin waɗanda aka jera a barandar nan, na huɗu daga Dogo. To ina za ta sa maganganun nata? Ya ce ranar Asabar za a ba waƙar lambar yabo, yana so ta hau dandamali, ta faɗa da bakinta, duniya ta ga mai muryar. Ya ce ba don waƙar ba da ba a kafa kwamitin bincike ba. Gaskiya ne. Da cewa aka yi mutum uku ne, ɓata-gari. Sai da kowane yaro ya haddace amshin aka karanto sunaye ashirin da uku. Gida ashirin da uku sun ji an kira nasu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ta sani, ta sani…

Yau ya ce zai kira ya ji amsa.

Ta hau ta ce me? Jama'a, ni ce na ƙi kunna risho?

Inna ta riga ta sani. Uwar miji, ɗaki ɗaya ke tsakaninsu. Ranar da ta fara jin waƙar daga gidan maƙwabta tana tsintar shinkafa, hannunta ya tsaya cikin tire. Ba ta yi kuka ba. Sai ta ce, a hankali, ba tare da ta juyo ba, "Ashe bai karya ba?" Shi ke nan. Ba ta sake tayar da zancen ba. Suna gaisawa, suna cin abinci, Inna har ruwan wanka take ɗora mata in ta dawo a gajiye. Da ma zaginta ta yi. Da ma ta ɗaga hannu ta kwaɗa mata mari, a wuce wurin.

Ita kuwa 'yar tasu, shekara bakwai, gibin uban sak, da waƙar take tsallen igiya a tsakar gida. Ku-ta-she-shi, tsalle, bai-kar-ya-ba, tsalle. Ba ta san muryar uwarta ba ce. Yaushe ta taɓa jin uwarta da irin wannan murya? In ta hau dandamalin, ranar Litinin a makaranta za a nuna yarinyar da baki. In ba ta hau ba, wata rana dai wani zai gaya mata, ba kuma yadda ya kamata ba.

La'asar ta yi. Uwar shago na kirga riguna, ana kakkaɓe zare daga zannuwa, sai gobe, a gaida gida. Titi. Rana ta yi sanyi amma kwalta na huci. Ta samu bas, kujerar tsakiya, an matse ta tsakanin taga da wata mata mai jiki da kwandon kifi a cinya.

Direba ya murɗa rediyo. Ai kuwa.

Bas ɗin gaba ɗaya ya ɗauka. Wani dattijo a gaba yana buga sandarsa a ƙasa, 'yan mata biyu na kaɗa kai, wani mai kwat ya dunƙule hannu ya ɗaga, idonsa ya kawo ruwa. Da gaske suke. Babu mai wasa a cikinsu, kowa da yunwar da yake tunawa. A cikin jaka waya ta fara ruri, tana girgiza a kan cinyarta. Shi ne. Ta ɗora hannu ta danne jakar.

Mai kifi ta zungure ta da gwiwar hannu. "Baiwar Allah, ke ba kya yi? Ai wannan tamu ce duka."

Ta buɗe baki don kawai a rabu da ita. Sai ga amshin ya fito — da karin mawaƙin, da ɗan jan nan da yake yi a ƙarshe, daidai kan ganga, ko kuskure babu. Ta nemi yadda ta faɗe shi ranar, a barandar, kafin kiɗa… ina ta ja numfashi? Sau nawa ta maimaita? Ta laluba, ta sake lalubawa. Babu. Duk inda ta taɓa, gangar ce ke amsawa.

Wayar ta katse. Ta sake farawa.

"Akwai mai sauka?" in ji direba.

Akwai. Nan ne ma, ga kwanar gidansu tana wucewa ta taga, ga shagon mai gyaran takalmi, ga famfon unguwa… Bakinta a buɗe yake har yanzu, amma ta rasa da wace murya za ta ce a tsaya.