Magagarin Kawu Gajere

Tun daga bakin titi na ji warin. Wari ne irin na roba idan ta ƙone, kuma daga shagona yake fitowa. Na jingine babur ko makulli ban zare ba, na faɗa ciki da galan ɗin fetur a hannu.

Kawu Gajere na tsaye gaban kwamfutata, an kware mata murfi, yana yi mata fifita da hularsa. Ƙanen mahaifiyata ne, makanikin injin ban-ruwa a Bakura. Duk ranar Talata idan ya zo kasuwar Mafara sayen kayan gyara, a shagona na hoto yake ajiye jakarsa.

"Kawu, mi ya faru?"

"Ba komi, Jafaru. Ɗan hayaƙi ta yi. Sabon abu in an sa ma inji haka yakan yi."

Sai idona ya kai kan tebur. Ga magagarinsa na goge ƙarfe, ga wani koren gari a watse.

Kwamfutar tsohuwa ce, ta hannu na saya a Sakkwato. Aikin ƙananan hotuna tana yi ba laifi, amma da ka ce ta buɗa hoto ya yi girma sai ta sandare. Shi ya sa na aika Gusau aka sayo mini ram, ɗan siririn allon nan da ke ƙara mata ƙarfin tunani. Da safe na gwada ya ƙi zama. Ram yana da 'yar tsaga a ƙasansa, gurbinsa kuma yana da haƙori ɗaya, dole su haɗu. Wannan tsagarsa ta kauce wa haƙorin da kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Na gane na sabbin kwamfutoci aka kawo mini, na ajiye shi, na fita sayen mai.

Su kuwa mutanen yankin dam ɗin Bakolori irin su Kawu, in ƙarfe ya ƙi shiga ba a mayar da shi kanti. Gogawa ake yi. Tun da aka kawo injinan ban-ruwa babu wanda ke samun kayan gyara daidai da injinsa, da magagari suke shayar da albasa da alkamar duk yankin. Kawu ya ga abu ya ƙi shiga, ya faɗaɗa tsagar, ya danna shi ya zauna daram, ya tada janareta da ɗan man da ya rage don in dawo in iske aiki ya kammala.

Wallahi da wani ne da na shaƙe shi. Amma ƙanen uwa ne. Na haɗiye abin da ya zo mini baki.

Na danna maɓalli. Fankar cikinta ba ta ko motsa ba. Na cire ram ɗin Kawu, gefensa ya yi baƙi, na mayar da tsohon shi kaɗai. Shiru.

Ba kwamfutar ta dame ni ba. Hoton Inna Marka ne a ciki.

Tsohuwa ce daga Damaga ta ƙasar Maradun. Kafin damina ta kawo mini wani ɗan hoto da bai fi akwatin ashana ba, na mijinta Hashimu, wanda ya rasu shekarar rikicin dam ɗin Bakolori tana da goyo. Shi ke nan hotonsa a duniya. Idonta na dama ya riga ya tafi, na hagu yana bin sa, ta ce in ƙara masa girma ta ga fuskar kafin duhu ya rufe. Na sa a sikana, na'urar kwafe hoto, na ɗauka cikin kwamfuta, na mayar mata da nata. Da ruwa ya sauka, ɗakinta ya rufta da duk abin da ke ciki. Saura wanda ke cikin wannan akwatin da Kawu ya gasa. Kuma yau na ce ta zo.

Ina cikin wannan sai ga sallama. Ita ce, tana laluben ƙofa da sanda.

Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, gajiya, hanya, mutanen Damaga. Na ba ta kujera.

"Ɗana, mi ke ƙuna nan ciki?"

"Waya ce ta ɗan taɓu, Inna."

"An gama?"

Na ce ta ba ni ɗan lokaci.

"Ka yi a hankali," in ji ta. "Sai dai wanga idon tun sallar layya yake raguwa. Yanzu ta gefe kawai nike gani. Ban san ko in na koma zan sake zuwa da shi ba."

Kawu ya daina fifita.

Na kwance faifan ajiyar, wanda hotuna ke kwana a ciki. Na naɗe shi a hankici tare da ram ɗin. Bayan tasha akwai Barnabas mai gyaran kwamfuta, can na nufa. Inna ta ce ba za ta zauna ita kaɗai ba, sai Kawu ya riƙe mata sanda suka biyo ni cikin turmutsutsun kasuwa.

Barnabas ya shinshina faifan, ya duba ram ɗin, kafin ya ce komai.

"Wa ya goge ram da magagari?"

Kawu ya kalli silin.

"Allon ciki ya tafi, wannan ka manta da shi. Faifan kuwa, ya danganta da inda wutar ta tsaya." Ya juya shi ya duba baya. "Kuma mai faffaɗar waya ne. Tawa ba ta karɓar irinsa."

Sai ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ya jawo wata tsohuwar kwamfuta da ya ɗora takalmansa a kai, ya hure ta, ya haɗa faifan. Ya kunna. Ta yi ƙara ɗaya, rubutu ya fito, sai faifana ya fara wani ƙas, ƙas, ƙas.

"Wannan ƙarar ba ta da kyau," in ji Barnabas a hankali.

"Mi ya ce?" Inna ta tambaya.

"Ya ce ana dubawa, Inna."

Ya kashe, ya matse wayar da babban yatsa, ya kwantar da faifan a kan littafi, ya sake kunnawa. Ƙas. Ƙas. Sannan wani siririn zuuu, ya ɗore. Ban san ina riƙe da hannun Kawu ba sai da ya ce in sassauta.

Sunayen hotuna suka jeru. Na nuna na Hashimu da yatsa, Barnabas ya fara kwafe shi zuwa tasa kafin ya buɗe. Sai ga fuskar ta cika gilashin kwamfutar gaba ɗaya, saurayi mai tsagar Zamfarawa a kumatu, ya ɗaure fuska irin ta wanda bai saba da kyamara ba.

Muka matso da kujerarta. Ta kai fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta ja baya. Ta juya kai gefe, kamar mai sauraron magana ta bayan ƙofa, ta tsaya a haka. Tsoro ya kama ni sosai, na ce a raina mun makara.

Can ta ɗaga yatsa ta ɗora a saman gilashin.

"Hularshi a karkace take," in ji ta. "Ran nan sai da na ce mishi ya gyara. Bai ji ba."

Kawu Gajere ya fita waje da sauri. Na hango shi ta taga, ya juya wa titi baya, yana goge fuska da hular da ya yi fifita da ita.