Jinin Mutanen Dutse

Fassouma ta iya ɓoye magana, wannan kam sai a sara mata. Tun zuwansu Greensboro ta Amurka daga Maraɗi, ba wanda ya taɓa jin cewa 'yarta Zahara tana da sikila. In an tambaya, sai ta ce sanyin ƙasar ne bai karɓe ta ba. Kunya take ji, tana kuma tsoron bakin mata.

To, bana jikin Zahara ya soma ƙin jinin da ake ƙara mata. Likita ta ce an ƙara mata da yawa, yanzu sai an samo wanda ya yi daidai da nata sosai, kuma ba a da lokaci.

A ɗakin wankin otal ɗin da Fassouma ke aiki a titin Gate City Boulevard akwai wata Pema, 'yar Tibet. Ita ta taɓa ba ta labarin garinsu can ƙololuwar duwatsu, inda baƙo ke haki kamar an kore shi, su kuwa ko a jikinsu, don jininsu daban ne tun daga kakanni. Fassouma ta riƙe wannan gam. Jinin da ke numfashi inda babu iska, ai shi ya dace da 'yarta. Ga shi Pema ba ta san kowa a masallaci ba, balle zance ya fita.

Da ta roƙe ta jini, baiwar Allah Pema ba ta yi musu ba, ta bi ta asibiti. Likitar ta saurare su, sannan ta yi bayani a hankali. Abin da 'yan Tibet suka gada, in ji ta, hana jininsu yin kauri yake a kan tudu, kuma gado ne, ba ya bin ledar jini ya shiga jikin wani.

"Wanda zai dace da Zahara yana cikin mutanenki," ta ce. "Su za ki tambaya."

Ranar Juma'a Fassouma ta miƙe a sashen mata na masallaci, ta faɗi abin da ta daɗe tana binnewa. Ta jira gulma, gulma ba ta zo ba. Mutane suka yi ta zuwa gwaji, har da tsofaffin da ba a karɓar nasu. Wannan ya fi gulmar yi mata ciwo.

Mutum ɗaya aka samu da jininsa ya dace, Younoussa direba, wanda gidansa ke bayan nasu. Sai dai makon jiya ya dawo daga Yamai, kuma wanda ya fito ƙasar zazzaɓin cizon sauro ba a ɗibar jininsa sai ya yi watanni.

Ya same ta a bakin ɗakin Zahara, hularsa a hannu, ya kasa haɗa ido da ita.

"Anti," ya ce, "da kin faɗa, wallahi da ban yi tafiyar ba."